Teburin tafiya: wanne ya dace da wanda motarsa ce masaukinsa?

Shekara ta shida ke nan ina da wata tsohuwar Hiace da na cire wa layukan kujeru biyu na baya, na shimfiɗa katako, na ɗora katifa. Sana'ata haɗa wutar sola ce, kuma aikin yakan kai ni ƙauyukan Giwa, Soba, Makarfi da Ikara, inda wani lokaci sai na kwana biyu ko uku kafin in dawo gida Tudun Wadan Zariya. Ba na kwana a daji, halin da ake ciki bai bar wannan ba. A ƙofar gidan mai unguwa ko harabar makarantar da nake yi wa aiki nake ajiye motar. Idan sallah ta zo kuwa, ita ce dai ke kwasar iyali zuwa gindin Dutsen Kufena, sau biyu kuma ta kai mu har Yankari ta hanyar Pambegua da Jos. A cikin waɗannan shekaru tebura huɗu suka bi ta hannuna. Da ƙanena ya sayi Sienna ya zo neman shawarar wanda zai saya, sai na ga amsar ta fi ƙarfin hirar bakin ƙofa.

Abin da na fara tambayarsa shi ne, me za ka ɗora a kai? Ya ce, "Abinci mana, Yaya." To, a nan yawancinmu muke ɓata tun ba a je ko'ina ba. Yawancin bayanan da ake samu a intanet Turawa ne suka rubuta su don kansu, su da ke zama a kujera su ci abinci a tebur. Mu kuwa da zarar an sauka, tabarma ake shimfiɗawa, a ajiye tire a tsakiya, kowa ya wanke hannu. A duk tafiye-tafiyenmu ban tuna ranar da iyalina suka kewaye tebur suna cin abinci ba. Aikin da yake yi mana daban ne: a kansa risho yake zama, a kansa ake yanka albasa da attaruhu, shi ke ɗaga sukari da burodi daga ƙasa saboda kiyashi da kaji da awakin gari, shi ke nisanta wuƙa da tafasasshen ruwa daga hannun yaro mai rarrafe. Da dare kuma fitila da wayoyi da kwamfuta su hau. Madafa ce ke nan da wurin aiki. Idan ka fahimci haka, tambayoyin da za ka yi wa kowane tebur sun zama uku: yana jure zafi? Yana tsayuwa daidai a ƙasar da ba ta baje ba? Ina zai kwanta a cikin motar?

Ta ukun ce ta fi sauƙin amsawa, ita ce kuma aka fi mantawa. Kafin ka nufi kasuwa, loda motar kamar yadda kake yi in za ka yi tafiya, da katifa da jarkoki da kula da komai, sannan ka ɗauki tef ka auna gurbin da ya rage. Rubuta awon a takarda ka sa a aljihu. Tebur yana da girma iri biyu, na buɗe da na naɗe, kuma na naɗen ne zai zauna da kai tsawon hanya.

Na farkon da na saya irin mai kama da akwati ne. Ana ninke shi biyu, yana da mariƙi, a cikinsa kuma akwai 'yan kujeru huɗu. Tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60. A ido ba shi da na biyu, shi ya fi araha, ga kujeru kamar kyauta. Gefensa da ƙafafunsa alminiyam ne, amma saman katakon MDF ne, wato dusar katako da aka cakuɗa da gam aka danne, aka lulluɓe da wata 'yar fata mai sheƙi. Muddin fatar nan ba ta fashe ba, lafiya. Wata rana cikin watan Agusta, a wani ƙauye ta wajen Soba, na bar shi a waje na kwanta, ruwa ya sauko cikin dare. Da safe gefen da wuƙa ta taɓa karcewa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, bai kuma sake komawa ba. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Teburin da ke tsoron ruwa kusan rabin shekara yana cikin haɗari. Kujerun ma na yara ne a gaskiya, babban mutum in ya zauna sai ya ji ƙafafun suna baɗewa. Wanda zai fita sau ɗaya ko biyu a shekara cikin rani zai iya morarsa. Wanda motar ce masaukinsa ya wuce shi.

Na biyu na roba ne mai ƙafafun ƙarfe. Kada a haɗa shi da farin teburin nan na masu hayar rumfa da ake zare wa ƙafafu huɗu. Wannan samansa roba ce mai kauri mai holoƙo a ciki, da firam na ƙarfe a ƙarƙashi, ƙafafun kuma kwantawa suke yi. An fi samunsa a awo biyu: mai tsawon ƙafa 4, wato santimita 122 da 61, da mai tsawon ƙafa 6, santimita 183 da 76. Tsayinsu daga ƙasa wajen santimita 74. Babban yakan ninku biyu a tsakiya, amma ko a ninke faɗinsa 76 ɗin nan yana nan, tsawon ya dawo wajen 91, nauyin kuma ya haura kilo 12. A Hiace za ka iya jingine shi a bango ka ɗaure. A Sienna ko Sharon da ke cike da yara da kaya, shi kaɗai zai cinye but ɗin.

Ina ƙaunar teburin nan, dole in faɗa. Samansa a shafe yake, babu rami, babu tsaga. Manja ya zube, omo da soso sun wadatar. Ruwan sama bai dame shi ba, gara ba ta san da shi ba, yana ɗaukar nauyi fiye da duk sauran na kanti. Uwargida ta fi son sa don wurin yanke-yanke da jera kwanuka, ni kuma a kansa nake baza ƙananan kusoshi da wayoyi ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba. Aibinsa biyu ne, kuma manya. Robar da ake yin sa da ita tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 130 da ɗoriya ba, tana kuma fara laushi tun kafin nan. Gindin tukunyar da aka sauke daga suya ya zarce wannan. Nawa yana da zobe a tsakiya, shaidar kaskon da aka ɗora na ɗan lokaci kaɗan. Kurfoti kam ko kusa da shi kada ya zo. Na biyu, ƙafafunsa bibbiyu suke a haɗe, don haka ba ka da ikon ƙara wa ɗaya tsawo ka bar sauran. Akwai masu hawa uku da ake ɗagawa ko saukewa, amma gefe guda ne ke tafiya tare. A daɓen makaranta babu matsala. A kan dutse ko kunyar gona sai ka shiga neman tsakuwa da guntun katako kana cusawa.

Na uku shi ne wanda har yau nake tafiya da shi, don haka zan daɗe a kansa. Alminiyam ne gaba ɗaya. Samansa sirara-siraran faifai ne da aka jera aka zura musu igiyar roba mai talewa, ana naɗe su kamar asabari. Ƙafafun kuma suna tsukewa wuri guda kamar na lema. Duka biyun suna shiga doguwar jaka da kaurinta bai wuce na naɗaɗɗiyar darduma ba, sai ka tura ta ƙarƙashin kujera ko gefen katifa. Ƙaramin, mai santimita 70 kowane gefe, yana wajen kilo 3. Babban, mai 120 da 70, kilo 5 zuwa 6. Dalilin rashin nauyin a fili yake: alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe in girmansu ɗaya. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa. Shi ya sa ake yin tukwane da shi. Ka sauke tukunya daga wuta ka ɗora, babu abin da zai same shi, sai dai a lura da igiyar roba da 'yan maƙalan roba da ke ƙarƙashin faifan, waɗanda garwashi zai iya lalatawa.

Abin da ya sa na fifita shi ƙafafunsa ne. Akwai irin da kowace ƙafa ake zuge ta ita kaɗai a kulle. Duk wanda ya taɓa soya ƙwai a kaskon da ya karkace, mai ya taru a gefe guda, ya san darajar wannan. A gindin Kufena ƙasar ba ta san daidaito ba, ko'ina gangare ne da falalen dutse. Da wannan tebur, minti ɗaya ya isa: ka zuba ruwa a faranti ka ajiye a tsakiya, ka yi ta daidaita ƙafafu har ruwan ya kwanta sosai. Amma a duba irin makullin. Akwai wanda ake murɗawa ya matse, akwai mai ɗan hannu da ake dannawa ya cije, akwai kuma mai maɓalli da ke faɗawa cikin huda. Na murɗawar nan ƙurar hunturu ce ajalinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu garin ƙura yana shiga tsakanin bututun biyu, ko ya cije ya ƙi motsi ko ya daina riƙewa. Mai maɓalli ba ya lalacewa da wuri, sai dai hawa-hawa yake tafiya, ba ya ba ka ɗan ƙaramin gyaran da kake so. Mai ɗan hannun na fi yarda da shi. Ko wanne ka samu, kada ka zuba masa baƙin mai ko gris, domin mai ƙura yake kamawa ya zama laka. Zuge ƙafar duka, goge da busasshen tsumma, shi ke nan.

Teburin alminiyam ɗin ma yana da nasa aibin. Tsakanin faifan akwai tsaga, ƙwayar shinkafa da sukari suna zuba ƙasa su kira kiyashi, rubutu a kai kuma sai da abin dannawa. Ledar tebur ko babban tire suna maganin wannan, amma a tuna a ɗage ledar kafin a ɗora abu mai zafi. A cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40, in ka bar shi a rana ba ya taɓuwa, musamman baƙin. Farin kuma yana kashe ido. Igiyar robar ma zafin cikin mota yana cinye ta. Motar da aka rufe a rana cikinta yana iya haura digiri 60, bayan shekara biyu sai na ga faifan sun fara sakwarkwacewa. Na sayi sabuwar igiya a wajen masu kayan ɗinki a kasuwar Sabon Gari na zura da kaina. Sai kuma iska. Hadarin farkon damina da guguwa yake zuwa, kuma abu mai kilo 4 ba komai ba ne a wurinta. Nakan rataya galan ɗin ruwa a tsakiyar ƙafafun da igiya, nauyin yana riƙe shi, yana kuma rage girgiza. Game da nauyin da yake ɗauka, lambar da aka rubuta a kwali, kilo 30 ko abin da ya yi kama da haka, lissafin kaya ne da aka baza ko'ina a kai. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce a wuri ɗaya. Ɗora ta a tsakiya faifan za su lanƙwashe, kuma alminiyam in ya lanƙwashe ba ya miƙewa yadda yake. Jarka ƙasa ce wurinta.

Na huɗu mai walda ne ya yi mini a unguwarmu, kuma ina ganin mutane ba sa ba wannan hanya haƙƙinta. Na kai masa awon gurbin da ke tsakanin katifa da bangon mota, ya yi tebur mai tsawon mita 1 da faɗin santimita 60 da siririn fayif mai kusurwa huɗu, na milimita 20. Saman filawud ne mai kaurin rabin inci, muka lulluɓe rabinsa da farantin ƙarfe marar tsatsa don wurin risho. Ya zo wajen kilo 10. Da farko ya so ya yi da fayif mai kauri, yana cewa, "Yallaɓai, wannan har jikoki." Na ce masa, "Malam, ni zan riƙa ɗaukarsa safe da yamma, rage masa." Wannan ce babbar matsalar aikin gida: masu walda sun saba da ƙofa da taga, hannunsu yana da nauyi, in ba ka tsaya a kai ba za su yi maka abin da sai mutum biyu. Ka roƙi abu uku. A sa noti da kusa mai zare a gindin kowace ƙafa don a riƙa murɗawa ana daidaita tsayi. A sa ƙarfen tokare da zai hana ƙafa naɗewa da kanta. A shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado, a kuma shafe bakin filawud ɗin da fenti sosai, don ta nan ruwa ke shiga. Ribarsa ita ce duk garin da ya karye akwai mai gyara shi. Alminiyam kuwa ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba, in gaɓarsa ta tsinke sai dai ribit ko waya. Hasararsa nauyi da ƙara: a hanya mai gargada in ba ka naɗe shi da tsohon bargo ka ɗaure ba, zai yi ta kiɗa har ka isa, ya kuma karce maka mota.

Akwai masu cewa me ya kai ka ɗaukar tebur, a kafa shi a jikin motar mana. Wannan ya danganta da ƙofar baya. J5 da ire-irenta masu ƙofa biyu da ke buɗewa gefe da gefe, ana iya maƙala katako a cikin ƙofar, a sauke shi da sarƙa biyu. Hiace da Sienna ƙofarsu sama take ɗagawa, don haka sai dai a yi aljihun katako da ake jawowa daga daɓen motar, ƙofar kuma ta zama rumfa. Don shayin tsayuwar minti goma a hanyar Kano babu kamarsa. Sai dai in motar ta karkace shi ma ya karkace, kuma ba ya bin ka inuwa. Sau da yawa inuwar mangwaro ko rimi tana inda mota ba ta isa. Hayaƙi da ƙaurin suya kuma cikin katifa suke shigewa. Abu guda da ba na sassautawa a kai: kada samun tebur a jikin mota ya ja ka ga girki a ciki da ƙofofi a rufe don gudun sanyi ko ruwa. Gawayi da risho suna fitar da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci.

Sauran ba sai na tsawaita ba. Masu saman gora suna da kyau a ido, sun fi alminiyam nauyi da tsada, kuma bushewar hunturu bayan laimar damina tana iya tsaga su. Masu saman yadi, waɗanda ba su kai kilo ɗaya ba, an yi su ne don masu tafiya a ƙafa da jaka a baya. Mai mota ba ya bukatar wannan sadaukarwa, kuma kofin shayi ba ya zama a kansu da natsuwa.

Maganar tsayi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ke haɗe da yadda muke girki. Santimita 70 zuwa 74 tsayin mai zama a kujera ne. Mai girki a tsaye yana son 85 zuwa 90, in ba haka ba baya zai gaya masa. Mai zama a tabarma ko kujera 'yar tsugunno kuwa, 30 zuwa 40 ya ishe shi. Ka tambayi wadda za ta yi girkin yadda ta saba. Uwargida a zaune take aikinta, don haka ƙafafun da ke sauka ƙasa sosai sun fi mata amfani a kan masu tashi sama. Sannan irin abin girkinka. Tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 da ake ɗaura wa kai a samanta a ƙasa take zama, ba a tebur ba. Ita kanta doguwa ce, in ka ƙara mata tsayin tebur da tukunyar miya a sama ka gina hasumiyar da gwiwar yaro za ta kayar. Shimfiɗaɗɗen kan gas mai tiyo shi ne na tebur, tukunyar gas ɗin tana ƙasa a gefe. Tuƙin tuwo kuwa babu teburin naɗewa da aka yi dominsa. Ƙarfin da muciya ke bukata sai ƙasa.

In ka je saye, ko sabo ne ko na gwanjo, kada ka yarda da hoton kwali. Sa a buɗe maka, ka kafa shi da hannunka ka ga ko za ka iya kai kaɗai cikin duhu. Dafa tafin hannu biyu ka tura gaba da baya, sannan gefe da gefe. Wanda ke da ƙarfen giciye a dukkan ɓangarori ba ya rawa sosai. Juya shi ka duba mahaɗan: inda aka sa ƙarfe da ribit ya fi inda aka sa roba, domin roba ce ke fara tsagewa. Duba tafin ƙafafun. Masu faɗi suna zama a yashi da laka, masu tsini nutsewa suke yi, kodayake murfin gwangwanin madara huɗu suna rufa asiri. A na gwanjo ƙirga faifan, ja igiyar ka ji ko da sauran ranta, ka tabbata jakar tana nan. Na gwanjo mai kauri sau da yawa ya fi sabo marar nauyi da faifansa ke lotsawa in ka danna da babban yatsa. In ta intanet za ka saya, nemi awon naɗe da nauyi a rubuce, in babu su ka bar shi.

Ga abin da na gaya wa ƙanena. In motarka babba ce, kuna da yawa, kuma galibi a daɓe ko fili mai kyau kuke sauka, kamar masu zuwa wa'azi ko maulidi ko musabaƙa, ɗauki na roba mai tsawon ƙafa 4, ka haɗa da guntun katako na ɗora tukunya. In aiki ne ke fitar da kai kowane mako kuma kayan ƙarfe kake ɗorawa, je wurin mai walda da awonka. Shi kuwa da Sienna, mata ɗaya da yara uku, fita sau biyar ko shida a shekara, na ce ya nemi na alminiyam matsakaici, tsawon wajen santimita 90, fari, mai ƙafafun da ake daidaitawa ɗaya-ɗaya, ya ƙara da tabarma babba da tire. Ya yi mako uku yana nema kafin ya samu mai irin makullin da na ce, a wurin wani mai kayan gwanjo. Igiyar ta saki, faifai ɗaya kuma ya ɗan lotsa a gefe. Ranar Asabar ya kawo shi gida muka zura sabuwar igiya, jakar kuma ta shige daidai bayan kujerun ƙarshe, ta bar wa kula da jarka wurinsu.